Ban Kwanan Baba Hingano

Shekara ashirin da shida Baba Hingano yana shugabancin hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, kuma ba wanda zai ce ya taɓa ganin an yi zaɓe. Zama dai ake yi. Wakilan tsibirai su sauko daga jirgin ruwa, a tanƙwashe ƙafa a kewaye ƙaton akushin kava, wato jiƙon wata saiwa da ake sha a taron manya, a yi ta sha har leɓe ya mutu, sannan wanda ya fi kowa tsufa ya yi gyaran murya ya ce, "To, a bar mana Baba ko?" A tafa sau uku. Shi ke nan, kowa ya nemi takalminsa.

Ba za a ce Baba bai yi komai ba. Duk gasar duniya da aka yi sai da ya je da kansa, shi da mai ɗakinsa, ya dawo da huluna ya rarraba wa jikoki. 'Yan wasan ƙasa kuwa, in sun fita waje aka zura musu ƙwallo tara, sai a ce an samu ci gaba, domin bara goma sha ɗaya ne. Babban filin wasa na birni, aladun unguwa sun fi 'yan wasa sanin lungunansa.

Wannan abu ya daɗe yana cin ran Maikolo, wakilin tsibirin Motuloa, mai gyaran injin jirgin ruwa. A filin tsibirinsu da itacen kwakwa aka kafa gola, raga kuwa tsohuwar komar kamun kifi ce. Saboda haka ranar da manyan ƙwallo na ƙasashen waje suka ce ba sauran taimako sai an yi gyara, an kawo akwati, kowa ya jefa ƙuri'arsa a asirce, Maikolo ya kusa taka rawa a bakin teku. Ya bi wakilan nan ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya ce Baba ya ishe shi. Da ya ce to wa zai tsaya takara, sai kowa ya tuna yana da ciwon baya.

Sai ya tafi wajen yayarsa Kalolaine. Ita ce shugabar makarantar 'yan mata ta gwamnati, kuma ɗalibanta ne suka ciwo kofi ɗaya tak da ƙasar ta taɓa gani. Matsalar ita ce sabuwar doka ta hana ma'aikacin gwamnati tsayawa, ga shi saura kaɗan ta yi ritaya. Maikolo ya kai mata kifi mafi girma da aka kamo ranar, ya zauna a ƙasa daga bakin ƙofa, domin ƙane ba ya hawa tabarmar yayarsa ko da gemunsa ya yi fari.

Ta saurare shi har ya gama. Ta ce, "Maikolo, in na ajiye aikin nan ba mai mayar da ni. Ka tabbata?"

"Yaya, wakilai goma sha huɗu ne. Ba wanda bai ce mini yana bayanki ba."

"A ƙasar nan wa ka taɓa ji ya ce wa wani a'a ido da ido?"

"Ai shi ya sa aka kawo akwati, Yaya. A cikin akwati ba ido."

Tun suna yara bai taɓa roƙonta komai ba, ita ma ta san haka. Kafin mako ya zagayo ta ajiye aiki, 'yan matan makaranta suka raka ta har bakin titi suna kuka.

Kowa ya zuba ido ya ga irin yaƙin da Baba zai yi. Shiru. Bai yanka alade ba, bai raba ko hula ɗaya ba. Ana cikin haka, wata rana da tsakar rana Maikolo na durƙushe gaban wani inji, hannu duk baƙin mai, sai ya ga inuwa ta tsaya a kansa. Baba Hingano ne, shi kaɗai, ba direba ba mai riƙe jaka. Ya dogara sanda, ya ɗaura wata yagaggiyar tabarma a ƙugu irin wadda ake ɗaurawa zuwa zaman makoki, a hannunsa kuma saiwar kava.

Maikolo ya zabura. "Baba! Ai da aike ka yi, ni in zo."

"Zauna, ɗana, zauna. Ba ƙuri'a na zo nema ba, kada ka ji nauyi. Ban kwana na zo yi."

Ya zauna a kan wata tsohuwar jarka, ya yi tari mai tsawo har Maikolo ya ruga ya fasa masa kwakwa. Da ya sha ya dawo hayyacinsa, sai ya shiga yabon Kalolaine. Ya ce yarinyar kirki ce, ta fi shi ilimi, ta fi shi ƙarfi, shi kam ya gama nasa. Ya tuna mahaifin su Maikolo, yadda yake tsaron raga a filin ƙwallo ba takalmi, da yadda shi Hingano ya kama makararsa da hannunsa. Wannan gaskiya ne, Maikolo na wajen.

"Ba abin da ke damuna, wallahi," in ji Baba, yana kallon teku. "Sai dai 'yar jikata. Ta ji an ce a rediyo za a karanta sakamako. Ta ce, 'Kaka, in aka ce ba ka samu ko ɗaya ba, ke nan duk ƙasar nan ba mai son ka?' Na ce mata Ubangiji yana so na, ya isa." Ya yi murmushi, ya share gefen ido da babban yatsa. "Yara ke nan. To, bari in kama hanya kada jirgi ya bar ni."

Maikolo ya raka shi har gaɓa, yana riƙe da gwiwar hannunsa. Ya dawo ya kasa ci gaba da aiki. Haushin mutumin nan ya yi shekaru yana ji, yau ya neme shi a cikinsa sama da ƙasa ya rasa, sai tausayi kawai.

Bai gaya wa kowa ba. Hawayen dattijo ba abin kai wa kasuwa ba ne, wanda ya gani ya rufe bakinsa, haka aka tarar. Ko da suka haɗu da amininsa Sitaleki, wakilin tsibirin da ke maƙwabtaka da su, a cikin jirgin zuwa birni, bai ce uffan ba.

"Mutumina, yau tsohon nan zai san an yi gyara," in ji Sitaleki, yana ɓare ayaba.

"Ƙwarai kuwa. Ka gan shi kwanan nan?"

"Ni? Ina zan gan shi? Kai fa?"

"Haba, me zai kawo shi wajena?"

Suka yi dariya, kowa ya juya yana kallon ruwa ta nasa gefen.

A ɗakin taron coci aka yi zaɓen, a kan kujeru, ba akushi ba tabarma. Wata mata da aka turo daga waje don sa ido ta ɗora akwatin gilashi a tebur, aka rataya zanen gado a kusurwa ya zama labule. Ta bayyana cewa masu zaɓe goma sha biyar ne, wakilai da shugaba mai ci, 'yan takara biyu. Kalolaine na zaune a gaba, an yi ta rataya mata sarƙar furanni har sun kusa rufe mata kunne. Duk wakilin da ya shigo sai ya rusuna ya ce, "Malama, an gama." Tun da safe Maikolo ya sa an binne aladu biyu da gwaza a ramin gashi a harabar gidanta, don walimar nasara.

Baba Hingano kuwa yana can ƙurya, shi kaɗai, da yagaggiyar tabarmarsa, ya haɗa hannu biyu a kan sanda ya ɗora haɓa. Ba wanda ya je kusa da shi. Ba kuma wanda ya iya kallonsa sau biyu.

Da aka kira Motuloa, Maikolo ya shiga bayan labule da takarda da biro. Ya kai hannu kan sunan yayarsa, sai ya ji tarin nan daga ƙurya. Ya tsaya. Wakilai goma sha huɗu, duk nata ne. In ɗaya ta ragu me zai canza? Ita ko a jikinta. Amma a ce mutumin da ya kama makarar ubanka ya fita daga ɗakin nan da ƙuri'ar kansa kaɗai, a karanta a rediyo, jikarsa na ji? Ai ko ba don shi ba, don furfurarsa. Maikolo ya yi alama a gaban sunan Baba, ya ninke takardar, ya fito ya jefa. Ya koma kujerarsa yana jin kansa mutumin kirki wanda ya san darajar manya, har yana ɗan tausaya wa sauran da ba su da irin tarbiyyarsa.

Matar nan ta zazzage akwati ta fara buɗewa tana karantawa da ƙarfi.

"Hingano."

Maikolo ya gyaɗa kai a hankali. Tasa ce.

"Hingano."

Ta Baba ce da kansa, ba laifi.

"Hingano."

Maikolo ya waiga. Sitaleki ya duƙa yana gyara igiyar takalmi, alhali silifa ce a ƙafarsa. Aka kira na huɗu, aka kira na biyar. Wakilin arewa ya gano wani abu mai ban sha'awa a silin. Wani limamin coci da ke cikinsu ya rufe ido kamar mai addu'a. Ashe ba Maikolo kaɗai Baba ya je wa ban kwana ba. Sunan nan ya yi ta faɗowa, zufa ta jiƙa wa Maikolo riga. Sai a takarda ta ƙarshe matar ta ɗaga murya ta ce, "Kalolaine." Goma sha huɗu da ɗaya.

Can wanda ya fi kowa tsufa, da yake hannu ya riga ya saba, ya tafa sau uku.

Baba Hingano ya miƙe. Ya manta sandarsa a jingine da bango, tarin ma ya tafi inda ya fito. Ya yi jawabi da murya garau. Ya ce shi ya daɗe yana son gyara, wannan akwati alheri ne, yanzu duniya ta ga abin da ke zuciyar mutane ba tare da tsoro ko kunya ba. Ya gode wa baƙuwa, ya ce a bar musu akwatin don zaɓe na gaba.

A waje Kalolaine ta tsaya a kan matakala tana cire furannin nan ɗaya bayan ɗaya tana ajiyewa a ƙasa. Ba ta yi kuka ba. Wakilai na fitowa suna raɓewa ta gefe kamar waɗanda suka yi fitsarin kwance. Maikolo ya so ya bi bayansu, ta kira shi. Ya zo ya durƙusa. Ta ɗora hannu a kafaɗarsa, abin da rabonta da yi tun yana rarrafe.

Ta ɗaga murya yadda kowa zai ji. "Ku tsaya ku dube shi. Duk cikinku ƙanena kaɗai ne ya cika alkawari. Na rasa aikina, na sha kunya, amma na san ina da ɗan'uwa. Tashi, Maikolo, ba laifinka ba ne."

Ya kasa tashi. Ya fara tunanin watakila haka zai bar maganar har kabari, tunda akwati ba ya magana.

Sai ga Baba Hingano ya fito, mutane na ba shi hanya, fuskarsa cike da fara'a. Ya zo ya kama ɗayan hannun Kalolaine da hannu biyu.

"'Yata, kada ki sa komai a ranki, kin yi ƙoƙari. Ni fa ba na iya ganin an kunyata mutum. Da na shiga bayan labulen nan na ce ko ba kowa, ni zan ba ki tawa, kada rediyo ya ce 'yar abokina ba ta samu ko ɗaya ba." Ya dubi Maikolo a durƙushe. "Ɗana, na gode. Ubanku ya bar tarbiyya."

Ya sauka matakala da sauri ya shiga mota.

Hannun Kalolaine ya ɗan jima a kafaɗar Maikolo kafin ta ɗauke shi. Ta goge tafin a jikin zanenta. Ba ta ɗaga murya ba wannan karon.

"Je ka tone aladun nan kafin su ƙone," in ji ta. "Ka kai gidan Baba. Ai ku kuka ci zaɓe."