Akuyar da ta Taƙaita Baba

Wani mafarki na yi daren jiya, har yanzu bai sake ni ba. Na gan ni a wani gari riƙe da hannun Baba, Malam Gambo mai gyaran keke, wanda Allah ya yi wa rasuwa bara. Ko kaɗan ban yi mamaki ba. Ni dai gida nake so in kai shi, don kwanan nan in na rufe ido ina neman fuskarsa sai ta ƙi zuwa, abin kuwa yana ci mini rai.

Ruwa ake yi a garin, amma daga ƙasa yake tashi ya nufi sama. Mutane sun kifar da lema sun tsaya a cikinta. Baba ya naɗe ƙafar wando ɗaya kamar kullum, famfon kekensa a hammata. Da famfon nan yake hura gawayi da safe, Inna tana masifa wai zai cika mata koko da toka.

"Lantana, wannan ruwan ba zai yi wa gero komai ba," in ji shi.

A ƙofar fita garin akwai ofis, wata akuya mai tabarau tana zaune bayan tebur. Muka gaisa, na tambaye ta aiki, ta tambaye ni yara.

"Ba a fita da mutum gaba ɗayansa," ta ce. "Hanyar ba ta da faɗi. Sai an taƙaita shi."

"Ranki ya daɗe, Baba ai siriri ne."

"Bayaninsa ne ya yi yawa."

Ta zagayo ta shinshina shi. Ta cinye naɗin wandon. Ta lashe baƙin man da ke ƙarƙashin farcensa. Ta tauna ɗan tarin da yake yi kafin ya yi dariya, har tana lumshe ido. Duk wanda ta haɗiye sai ta ce, "Wannan ba shi ne jigo ba." Baba ko a jikinsa, shi da bai iya musu da ma'aikata ba. Ni kuwa na zare famfon na tura cikin mayafina.

Sai ga mu a rumfar wani ƙadangare mai zane. Wai in taƙaitawa ba ta yi wa mutum ba, nan ake zuwa. Ya kalli Baba, ya gyaɗa kai, ya sake gyaɗawa, ya ja wani dogon layi rawaya a bango, ya yi da'ira biyu, ya ɗiga baƙi a gefe.

"Malam, ina hancinsa?"

"Hanci na masu gaggawa ne. Wannan yadda ake ji ne in an zauna kusa da shi."

Na ƙura wa bangon ido, tsakani da Allah ƙirjina ya yi ɗumi. Bai yi ƙarya ba. Amma ta yaya zan durƙusa in gai da layi rawaya, in ce masa an tashi lafiya?

Muka ratsa kasuwa. Rumfunan cike suke da riguna zaune babu kowa a cikinsu. Aka ce mini waccan Haƙuri ce, ta kusa da ita Amana, babbar rigar can kuwa Kirki ne. Suka miƙe suna yi wa Baba maraba kamar ɗan uwansu ya dawo daga tafiya. Na waiwaya, ashe ina hango buhunan masara ta cikin ƙirjinsa. Hannunsa ya yi sakayau a nawa. Tsoro ya kama ni.

"Baba, kana nan?"

"Ina nan a taƙaice," ya ce.

Muka sake tsintar kanmu gaban akuyar. Ta ƙarasa aikinta, ta sa mini wani abu a tafin hannu, bai fi ƙwayar gyaɗa ba. Na kai shi kunne, na ji abin yana cewa, "Mutumin kirki ne." Abin da kowa ya faɗa ke nan a zaman makoki. Gaskiya ne kuma. Sai dai haka aka faɗa ranar da maƙwabcinmu ya rasu, haka za a faɗa gobe a wani gidan. Na fashe da kuka, hawayen suna hawa sama.

Akuyar ta cire tabarau ta goge. "Ba mugunta ba ce, 'yata. Kowa haka yake ɗaukar nasa. Ni uwata abin da ya rage mini shi ne fara ce." Sai hancinta ya motsa. "Me ke cikin mayafinki?"

"Ba komai."

"Ba komai ɗin ma sai an taƙaita shi. Miƙo."

Na ce wallahi ba zan bayar ba. Ta kama bakin famfon da haƙori, na riƙe mariƙin, tana ja ina turawa. Famfon ya ce fiit. Ya sake cewa fiit. Ofishin ya tafi, kasuwar ta tafi, fiit ɗin bai tafi ba.

Na buɗe ido, gari ya waye. Na leƙa tsakar gida. Inna ce tsugune gaban kurfoti tana hura gawayi da famfon Baba, toka ta yi wa kokon fari fat.

"Kada ki ce komai," ta ce, ba ta ko ɗago kai ba. "Ya fi mafici."

Ta yi ɗan tari, sannan ta yi dariya. Nan take fuskarsa ta zo mini, har da hancin.