Kyandir ɗin Doña Eufrosina

Taron Lahadi ba ya ɗaga wa Citlali hankali. Ranar ce ake shiga gidan nunin zane-zane na Bellas Artes kyauta, kowa ya kwaso iyalinsa, ita kuwa ta daɗe tana gadin bangayen zane a saman bene, tana hana yara taɓawa, tana hana manya jingina. Mutum ɗaya ce ta sa ta goge takalmi da sassafe: Doña Eufrosina, mahaifiyar saurayinta Anselmo.

A ƙauyen su Anselmo can jihar Oaxaca, uwar namiji ce ke ɗaukar kwandon burodi da cakulan ta je gidan yarinya neman aure. In ba ta ɗauka ba, to babu aure, ko ɗan nata zai yi kukan jini. Tsohuwar kuwa ta rantse ba za ta taɓa kwando ba sai ta ga "gidan hotunan tsiraicin" da yarinyar ke wuni a ciki.

Da hantsi Citlali ta sauko ta taryi tsohuwar da ɗanta. Tsohuwa na ganin marmara da ƙatuwar ƙubba ta ja mayafi ta rufe kai, ta yi alamar gicciye, tana laluben ruwan albarka a gefen ƙofa.

"Mama, ba coci ba ne," in ji Anselmo ƙasa-ƙasa.

"Ni za ka koya wa coci? Tun ba a haife ka ba nake share shi."

"Sannu da zuwa, Doña. Yaya gajiyar mota?" in ji Citlali.

Tsohuwa ta dube ta daga sama har ƙasa. "Da sauƙi. Mu gani."

A sama, duk bangon da suka wuce sai ta ja tsaki. Can sai ta tsaya cak gaban wani zane: mutum a kwance, an cusa ƙafafunsa cikin wuta, sojoji masu sulke na tsaye a kansa. Ta durƙusa. Ta zura hannu a jaka, ta fito da kyandir da ashana.

Baƙi suka fara ɗaga wayoyi. Anselmo, da yake namijin duniya ne, ya tsaya kamar an dasa shi. Citlali ta san abin da ke gabanta sarai. In aka ƙyasta ashanar nan, aikinta ya tafi. In ta fizge ta a hannun tsohuwa a bainar jama'a, aure ya tafi. Amma ba yau ta fara hana mutane abin da suke so ba.

Ta tattare wandon aikinta ta durƙusa kusa da ita.

"Doña, dubi ƙafafunsa. Wutar da aka ba bawan Allah nan ta ishe shi. Kada mu ƙara masa."

Tsohuwa ta ƙura wa ƙafafun ido, ta daɗe.

"Wane waliyyi ne, 'yar nan?"

"Ba waliyyi ba ne. Sarkinmu ne na ƙarshe. Sun gasa shi ne don ya faɗi inda zinariya take."

"Ya faɗa?"

"Ko uffan."

"Ashe ya fi wasu waliyyan," in ji tsohuwa. Ta mayar da ashanar jaka, ta yi masa addu'arta a hankali, Citlali na durƙushe a gefenta har ta gama. Sannan ta miƙa hannu, yarinyar ta tashe ta.

Ta karkaɗe gwiwa, ta juya kan ɗanta.

"Kai kuma, sakarai, kana kallo uwarka za ta ƙona gidan mutane, ko motsi ba ka yi ba. Da ba don ita ba, da yau na kwana wurin 'yan sanda."

"Mama, ai na faɗa miki…"

"Rufe min baki." Ta riƙo hannun Citlali, ba ta saki ba. "Ki gaya wa mahaifiyarki ta share tsakar gida ranar Asabar. Muna tafe."