Layar Inna Furera

Duk wanda ya san Ƙofar Kwaya a shekarun da arzikin fetur ya fara shigowa, ya san Tanko Ɗan Bama, mai gadin filin siminti na wani ɗan kwangila. Aikinsa bai wuce buɗe ƙofa da rufe ƙofa ba. Tirela ta shigo ya buɗe, tirela ta fita ya rufe, tun hantsi har la'asar sakaliya, ga gwiwar hagu da ta ƙi lafiya tun dajin Bama. Kowa a garin gini yake yi, kowa sauri yake yi. Yaran da aka yi sunansu a gabansa sun sayi babura, gaisuwarsu ta koma hon. Shi kuwa ya gaji, irin gajiyar da barci ba ya magani.

Labarin yaƙi ma ya daina ba da shi, don ba mai saurare. Turawa sun kwashe shi yana da shekara ashirin da biyu, sun ƙetare teku da shi zuwa ƙasar Bama ya yi wa Sarkin Ingila yaƙi da mutanen da bai taɓa jin sunansu ba, aka sallame shi da lambobi biyu da ɗingishi. Abu ɗaya ne bai gaji da faɗa ba, wato labarin layarsa. Wata 'yar baƙar laya ce mai faɗin tafin hannu, kullum tana wuyansa. Rantsuwa yake yi ita ta dawo da shi. Sau biyu ana yi wa rundunarsu ƙawanya, ana kama na gabansa da na bayansa, shi ko rigarsa ba a taɓa ba.

Uwarsa, Inna Furera, ita ta ba shi ranar da motar soja ta zo kwasarsu. Mace ce mai sayar da daddawa, wadda ba kasuwar ƙauyen da ƙafarta ba ta taka ba. Tana da wasu tsage a fuska da ba irin na Katsinawa ba, in an tambaye ta sai ta ce na nesa ne, ta kama wani zancen. Ranar ta ja shi bayan rumbu, ta kwance layar daga ƙugunta, ta ce masa duk wanda ke ɗauke da ita ba mai kama shi, kuma kada ya kuskura ya buɗe. Daga wannan ne Tanko ya gina sauran labarin da kansa. Wa zai mallaki laya irin wannan in ba jinin malamai ba? Haka ya riƙa gaya wa mutane, har shi ma ya yarda.

Bai sake ganinta ba. Ta rasu saura wata biyar ya dawo. Maƙwabciyarsu Rabi ce ta gaya masa cewa tun ranar da ya tafi Inna ba ta ƙara ƙetare dokin ƙofar zaure ba, ba kasuwa, ba biki, ba ta'aziyya. In ta ji sallamar baƙo sai ta shige ɗaki ta yi tsit. Mutane suka ce kewar ɗa ce ta taɓa mata kai. Tanko ya yi kuka, amma a can ƙasan zuciyarsa har da ɗan alfahari, wai shi aka so haka.

To, yanzu ga ɗansa Ɗanliti gwamnati za ta kai shi Ingila karatun injiniya, jibi zai tashi. Kawunansa sun yi masa akwati, uwarsa ta yi masa yaji da dakakkiyar kuka. Tanko ya duba sama ya duba ƙasa, bai ga abin da zai ba shi ba sai layar. Yana kuwa so ya ba shi, don ya san ƙasar Turawa ba a zuwa mata hannu rabbana. Sai dai fatar ta ci duniya, ta tsattsage, igiyar ma saura ƙiris. Ya roƙi mai gadin maƙwabta ya riƙe masa ƙofa, ya ja ƙafa zuwa rumfar Malam Dabo baduku a Ƙofar Durbi.

Malam Dabo tsoho ne da ya gaji ɗinkin fata, ya kuma yi karatun zaure daidai gwargwado. Suka gaisa har gaisuwa ta gaji, aka tambayi iyali da gajiya da gwiwa da zafin gari. Aikin ba baƙo ba ne a wurinsa. Baduku yakan farke tsohuwar fata ne kawai, ya bar takardar a naɗe cikin zarenta, ya sa sabuwar fata ya ɗinke, idonsa bai ga ko harafi ɗaya ba, don kowa ya san laya in aka buɗe ta ta karye. Amma zaren da ya sha ruwan Bama da gumin shekara talatin da huɗu ba zare ba ne kuma. Yana zare fatar, zaren ya marmashe a hannunsa, takardar ta warware kan cinyarsa.

Tanko ya runtse ido yana salati. Da ya buɗe sai ya ga Malam Dabo bai kau da kai ba kamar yadda ya kamata. Ya ƙura wa takardar ido, sannan ya yi sauri zai ninke ta, yana cewa ba komai, yanzu zai sa mata sabon zare. Tsohon soja kuwa ba a yi masa haka. Ya riga ya hango wani shuɗin tambari a gindin takardar, da wani rubutun boko mai kama da tafiyar tsutsa.

"Mi ka gani, Malam?"

Malam Dabo ya yi ta kewaye-kewaye, ya ce rubutun ya dushe, ya ce idonsa ba kamar da ba. Tanko ya ce shi dai bai taɓa jin layar da Bature ya sa wa hannu ba, don haka a hwaɗa mashi gaskiya, ba yaro ba ne. Tsohon ya duba hagu ya duba dama, ya rage murya, ya karanta Larabcin yana mayar masa da Hausa.

"Furera, baiwa, wadda aka kamo tana yarinya, ta fanshi kanta a gaban alƙali. Daga yau 'yantacciya ce, ba wanda ke da iko da ita."

Ya nuna masa hatimin alƙali, ya nuna masa inda Baturen mulki ya sa hannu. Ya ce a zamanin ubansa an kawo irinta da yawa rumfar nan. Da Turawa suka ci ƙasar, sun hana kamu da sayarwa, amma wanda ke hannu sai ya je gaban alƙali ya fanshi kansa, a ba shi takarda. Masu ita sukan kawo a ɗinke masu cikin fata saboda ruwa da gara, su ɗaura a jiki, ko wanka ba sa rabuwa da ita. Duk inda aka tare su a hanya, ita ce shaidarsu.

Abin da ya fara zo wa Tanko kunya ce, ba zan ɓoye ba. Ya tuna cika bakin da ya yi da zancen jinin malamai, ya tuna surukansa. Sai haushi ya biyo baya, ya ce a ransa Bature dai bai taɓa ba da kyauta ba: hannun da ya sa wa uwar hannu a takarda, shi ya dawo ya ɗauki ɗan. Ga shi yau ba shi da layar da zai ba Ɗanliti, ashe tun farko ma ba laya ba ce.

Yana cikin wannan ne maganar Rabi ta faɗo masa. Ba kasuwa, ba biki, ba ta'aziyya. In ta ji sallamar baƙo sai ta shige ɗaki.

Sai yanzu ya gane. Ba kewa ce ta kulle ta ba, tsoro ne. Matar da ta taka kasuwannin ƙasar nan kaf, da takardar nan a ƙugunta ta taka su. Ranar da ta kwance ta ta rataya masa, ta san abin da ta yi. A lokacin ma an daɗe da soke bauta gaba ɗaya, ko ta fita ba mai taɓa ta, amma wa ya je ya gaya wa mai sayar da daddawa? Ita dai abin da ta sani, an taɓa kama ta tana tafiya ba takarda.

Malam Dabo ya ce sirrinsa a rufe yake, ba mai ji daga bakinsa. Ya ɗauko wata jar fata mai kyau ya ce bari ya ɗinke, yaro ya tafi da abinsa, ba sai ya san komai ba. Tanko ya daɗe yana kallon fatar. Da ya so, shi ke nan, jinin malamai na nan daram. Sai ya miƙa hannu ya karɓi takardar a buɗe, ya ce a bar ɗinkin tukuna.

Bai koma filin siminti ba. Ya nufi gida, gidan da aka haife shi, yana hutawa a hanya saboda gwiwa. Da ya iso ƙofar zaure sai ya tsaya. Dokin ƙofar na nan yadda yake tun yana yaro, tudun ƙasa ne da bai kai taki ɗaya ba, ƙafafu sun cinye tsakiyarsa. Ya ƙetare shi ya fi a ƙirga bai taɓa dubansa ba. Yau ya zauna a ƙasa kusa da shi.

Nan Ɗanliti ya fito ya same shi, ya durƙusa ya gaishe shi, ya ga wuyansa wayam, ya tambaya ko layar tana wurin baduku. Tanko ya ɗora masa takardar a tafin hannu, ya ce ya riƙe a hankali, ta kakarsa ce. Sannan ya dafa dokin ƙofar.

"Ka ga nan? Shekara uku da rabi ba ta ƙetare shi ba, don ni in tahi in dawo. Zauna in hwaɗa maka ko wace ce, kafin ka tahi ƙasar masu tambarin."