Karce da Farce

Tanimu mai gyaran fenti ya idar da azahar zuciyarsa ba daɗi. Da safe dillali ya sa shi ya cike karcen wata baƙar mota da man takalmi, don wani tsohon malamin makaranta zai zo sayenta da la'asar. Ya kishingiɗa a gindin darbejiya, barci ya sace shi.

Sai ga shi a wani gari da babu inuwa ko ta ƙwayar gero. Mai yi masa jagora kuwa marigayi Baba Nomau ne, wanda ya koya masa sana'a, da tsummansa a kafaɗa kamar yadda ya saba.

Suka wuce wasu mutane suna shafa baƙin mai a jikin motoci. Da sun gama sai ruwa ya sauko ya wanke, karcen ya koma kan fuskokinsu.

"Baba, su wane ne waɗannan?"

"Masu rufe aibu har ciniki ya faɗa."

Gaba kaɗan wasu na tsaye a tsakar rana, ido ba ya ƙiftawa. Baba ya ce dillalai ne da ba sa nuna mota sai a inuwa. Can kuma shugabannin gareji, da suka ga ana ha'inci suka kau da kai, an ɗora musu injin goge fenti a ƙirji yana ta juyawa.

Daga nan suka tsaya gaban wata baƙar ƙofa mai sheƙi. Tanimu ya ga fuskarsa a ciki, da dogon karce daga goshi zuwa haɓa.

"Me na koya maka?" in ji Baba. "Sa farce."

Ai bai manta ba: in farce ya maƙale, karce ya kai ƙarfe, goge ba ya fid da shi. Ya ja farcensa a kan karcen. Ya wuce sumul.

"Naka bai kai ƙarfe ba tukuna, ɗana. Yana goguwa."

Ya farka sharkaf da gumi, yana hamdala, yana yi wa Baba addu'a da hawaye. Bai taɓa jin godiya irin ta ranar ba. Ya ɗauko ruwan sabulu ya wanke man tas, ya turo motar cikin rana.

Da la'asar dillali ya iso da mai saye, da ya ga karcen a fili sai ya zaro ido. Tanimu ya ƙi kallonsa, ya kama babban yatsan dattijon ya ɗora a kan karcen.

"Malam, ja farcenka nan ka ji, kafin ka taya."