Ranar da Daso Ta Shiga da Sunan Saratu

Sau uku ke nan Saratu tana baro Guci da sassafe ta zo asibiti a Magariya, kuma har yau babu wanda ya duba ta. Babu kuwa wanda ya kore ta, ita ce ke korar kanta.

Wata biyar jini yana zubar mata. Ita da ta gama da al'ada tun shekara uku, ta ƙone tsummokaranta ta ce ta huta, sai ga abu ya dawo ba rana ba wata. Wani lokaci ɗis-ɗis, wani lokaci kuwa sai ta tashi daga suyar ƙuli-ƙuli ta ga ta ɓata kujera. Salla ma ta rikice mata: in ta yi ba ta san ko ta karɓu ba, in ta bari zuciyarta ta hana ta sakat. Majo, babban ma'aikacin ɗakin shan magani na garinsu, ya saurare ta tana magana da bango, ya ce wannan ya fi ƙarfinsa, ya rubuta mata takarda zuwa Magariya.

Zuwan farko leƙe kawai ta yi. Ta ga gado mai ƙarafuna biyu na ɗora ƙafafu, ta ga wanda ke tsaye a gefensa yana zura safar roba a hannu. Namiji ne, saurayi ma, wanda da ƙyar in ya girmi ɗanta na fari. Ƙafafunta suka juya da kansu. Da ta koma gida ta ce wa mijinta Mala likitan ba ya nan. Zuwa na biyu an ce mata akwai mace ran Talata, ta jira Talata ta zo, aka ce madam ɗin ta haihu, tana hutu sai bayan wata uku. Mata ne cike da benci har ƙasa, daga Dungas, daga Guci, daga ƙauyukan bakin iyaka, amma mace ɗaya tak aka ajiye musu, ita ma Allah ya sauke ta lafiya. Wa za a yi wa faɗa? Saratu ta rasa, sai ta koma gida ta huce a kan awaki.

Wannan karon Mala ya ce ba za ta tafi ita kaɗai ba, tunda likitan nan kullum ɓacewa yake in ya ji tana tafe. Shi ya sa ta zo da Daso.

Daso ƙawarta ce tun suna talla. Ta haifi tara, ta binne miji ɗaya, kuma babu namijin da aka haifa da zai sa ta sunkuyar da kai. In ta buɗe baki a rijiya har masu amalanke sukan yi shiru. A cikin mota, tun daga Guci har Dungas, ta yi ta ba Saratu ƙarfin gwiwa da muryar da duk fasinjoji ke ji, har Saratu ta ja mayafi ta rufe fuska ta yi kamar barci take.

Yanzu suna zaune a kan benci, rana ta ɗaga, layi yana matsowa. Duk matar da ta shiga sai Saratu ta bi ta da ido, in ta fito kuma ta duba fuskarta ko za ta ga alamar abin da aka yi mata. Tafin hannunta ya jiƙe har ya ɓata bangon karne, ɗan littafin da ake rubuta wa majinyaci ciwonsa da maganinsa.

"Ƙawa," in ji ta a hankali, "wallahi ba ni iyawa."

"Kin fara ko?"

"Yaron nan sa'an ɗana Ƙasimu ne. In kwanta masa in buɗe? Ni da ko uban ƴaƴana bai taɓa ganina da rana ba?"

Daso ta yi tsaki. "To mu koma ki ci gaba da ɓata kujeru."

Hawayen takaici suka cika wa Saratu ido. Tana son a duba ta, wallahi tana so. Tsoron jinin nan ya hana ta cin abinci. Amma da ta tuna ƙarafunan nan biyu sai ta ji gara ƙasa ta tsage ta shige.

Daso ta dube ta, ta ga abin ba iya shege ba ne. Sai ta miƙa hannu.

"Ba ni karnen."

"Ki yi me da shi?"

"In shiga in faɗa masa. Me ke cikin ciwon naki da ban sani ba? Wata biyar, jini, ciwon mara, ciwon baya in kin daɗe a tsaye. In zayyana masa, ya rubuto odanas, takardar magani, mu saya mu kama hanya."

Kada mai karatu ya ce matan nan ba su da hankali. A garinsu haka ake yi. Mace mai kunya ba ta zuwa gaban wanzami ko mai saiwoyi ta faɗi abin da ke ƙarƙashin zanenta. Aiken wata take yi ta je ta faɗa, a ƙullo magani a kawo mata har ɗaki. Haka uwar Saratu ta yi, haka kakarta, kuma duk sun tsufa. Illa dai asibiti ba ya ba da magani ga ɗan aike, shi ya sa Daso ta ce za ta amsa sunan kawai. Karne ba shi da hoto, likitan kuma bai taɓa ganin fuskar Saratu ba, tunda ƙeyarta kaɗai ta taɓa nuna masa.

Da matar da ke tsaron ƙofa ta kira, "Saratu Mala!" sai Daso ta miƙe ta gyara ɗaurin zane ta shige kamar gidanta.

Saratu ta sauke ajiyar zuciyar da ta yi wata biyar ba ta sauke ba. Har ta fara sa wa Daso albarka. Amma shigar ta daɗe. Faɗin ciwo ai ba ya kai haka. Ta ƙura wa labulen ido, ta ji ƙarar ƙarfe, ta ji muryar Daso tana dariya.

Can Daso ta fito tana murmushi har kunne, ta dire karne a cinyar Saratu.

"Tashi mu tafi. Lafiyarki lau."

"Kamar yaya?"

"Ya ce bai ga kome ba. Mahaifa ƙalau, tsaf. Ya ce in jinin ya dawo ki zo yana zuba. Ga maganin ƙarin jini ya rubuta maki."

"Bai ga kome ba a ina?"

"A ina kuwa? Ya ce hau gado, na hau."

Saratu ta buɗe baki ta kasa rufewa. "Kin hau? Ke ya duba?"

"To in ce masa me? In ce mai ciwon tana waje? Yo abin da ke gare ni ba shi ke gare ki ba? Shekarunmu ɗaya, abincinmu ɗaya."

"Daso! Ke kina jini ne?"

"A'a."

"To me zai gani, don girman Allah?"

Matan da ke kan benci suka juyo. Daso ta kama ƙugu, ranta ya ɓaci sosai. Ita da ta yi abin da ko ƴar'uwa ba za ta yi ba, ta tuɓe wa sa'an ɗan cikinta saboda ƙawa, sakayyar ke nan? "Ni na kwanta maki," ta ce, "ni aka zura wa ƙarfe mai sanyi, ke kina nan kina shan inuwa, sannan ki ce ban iya ba?"

Saratu ta dubi shafin karne. Ba ta iya karatu ba, amma ta san abin da layukan nan da hatimin suke cewa: Saratu Mala, an duba, lafiya. Gobe Mala zai kai wa majo ya karanta masa, ya ce alhamdu lillahi, an gama da zancen Magariya, ga yankan hatsi ya zo. Duk asibitin da ta je bayan yau, wannan shafin za su fara buɗewa. Ɗazu ciwo kaɗai gare ta, yanzu ga ciwo ga takarda mai ƙaryata shi. Kuma a daidai lokacin ta ji ɗumin jinin yana sauka, kamar yana yi mata dariya.

Haushi ne ya ɗaga ta daga bencin, haushin Daso, haushin madam da jaririnta, haushin kanta da ya fi duka. Ta nufi ƙofar.

"Inna, bi layi," in ji mai tsaron ƙofa.

"Ni ce Saratu Mala."

"Saratu Mala ta shiga ta fito."

"Ba ita ba ce. Ni ce."

"To wacce ta shiga fa?"

"Ƙawata ce, tana da lafiya kamar doki."

Matar ta dube su ɗaya bayan ɗaya, ta dafe kai, ta ɗaga labule ta yi magana da Faransanci. Saratu ta ji likitan ya yi wata ƴar ƙara kamar ya taka ƙaya.

Sunansa Hambali, haka matar ta kira shi. Da suka shiga su biyu ya ajiye biro, ya dubi Daso, ya dubi Saratu. Shi ma a gajiye yake, da ganin idonsa tun safe bai karya ba.

"Inna, kin san abin da kuka yi? Na yi ta mamaki. Baki ya ce jini wata biyar, jiki ya ce ƙarya ne. Da kun tafi da takardar nan, da sa hannuna ne zai zaunar da ke a gida."

Saratu ta kalli ƙasa. "Kunya nake ji, likita. Kai ɗana ne."

"Na sani. Ni ma ina da uwa a Dungas, ita ma ba ta yarda. Da akwai mace da tuni na kira maki ita. Mun roƙa, mun rubuta, ba a turo ba. Madam tana kwanje, hutun haihuwa, kuma jininki ba zai jira ta ba." Ya ja numfashi. "Ga abin da zan iya. Ƙawarki ta tsaya wajen kanki, wannan baiwar Allah ta tsaya nan. A lulluɓe ki da zane, ba zan buɗe fiye da inda zan duba ba. Kome zan yi sai na faɗa maki tukuna. In kin ce tsaya, na tsaya."

Ta so ya yi mata tsawa, da ta samu dalilin fita. Sai ga shi yana magana kamar mai lallashin tsohuwa ta sha koko. Ta hau gadon. Ta ja mayafi ta rufe fuskarta ruf, ta damƙe hannun Daso har sai da Daso ta ce wayyo. Kunyar ba ta tafi ko'ina ba, tana nan zaune a ƙirjinta. Ta dai riƙa karanta duk abin da ya zo bakinta, Daso kuwa, da har yanzu fushi take, ta duƙo kunnenta tana ba ta labarin akuyarta da ta ci wa maƙwabta wake, da yadda aka yi shari'ar a gaban mai gari.

"Zan sa ƙarfen yanzu, da sanyi," in ji Hambali. Can kuma, "Zan taɓa, zai ɗan yi zafi."

Daso ba ta kai ga hukuncin mai gari ba ya ce an gama.

Saratu ta sauko ta ɗaura zane. Shi ke nan? Abin da ta yi wata biyar tana gudu bai kai dafuwar shayi ba. Takaici ya kama ta har ta ji kamar ta mari kanta. Ta juyo don ta ji odanas, sai ta ga fuskarsa ta canza. Ya soke shafin farko da layi biyu, ya buɗe sabo, ya yi ta rubutu. Bai yi wa Daso rubutu mai tsawo haka ba. Sannan ya ɗauki salula ya kira wani, suka yi magana da Faransanci, ta tsinci sunanta da sunan Damagaram.

"Inna, akwai wani tsiro a bakin mahaifa, shi ke zubar da jinin. Ba zan ce maki ga abin da yake ba sai an yanko kaɗan an auna. Nan ba mu da kayan. Na samo maki randebu, ranar ganin likita, a Damagaram, gobe. Gobe fa, ba bayan yankan hatsi ba."

"Da na tsaya tun zuwan farko fa?"

Hambali ya ce, "Da ya fi ƙanƙanta. Amma kin zo, kuma ana aiki a kansa."

Saratu ta juya ta ga abin da ba ta taɓa gani ba tun suna yara: Daso ta zauna a ƙasa dirshan, ta toshe baki da gefen zane, hawaye na bin hannunta.

"Ni na ce maki tashi mu tafi," ta ce da ƙyar. "Da kin bi ni, da yanzu muna mota muna murna."

Saratu ta miƙa hannu. Ta karɓi takardar daga hannun Hambali.

"Can Damagaram ɗin, mace ce za ta duba ni?"

"Maza ne, Inna. Su biyu. Wataƙila da ɗalibai a tsaye."

Ta rufe ido, ta ji kunyar nan ta ɗazu, ba abin da ya ragu. Sannan ta buɗe, ta sa hannu ta kamo Daso ta ɗaga ta daga ƙasa.

"Likita," ta ce, "motar farko ƙarfe nawa take tashi?"