Abin da Na Rubuta da Sunan Auta

Ni dai ban taɓa ɗaukar surutuna a bakin komai ba. Gyaran fanka da dutsen guga nake yi, a wani ɗan shago tsakanin na Mai Walda da na Tela, kuma dukkanmu uku da wutar lantarki muke cin abinci. In aka ɗauke ta, sai mu jawo benci bakin ƙofa mu hau gyara duniya. Mai Walda shi ne lauyan gwamnati, ko taka masa ƙafa suka yi zai ce hanya ce ta yi ƙunci. Tela kuwa duk wanda ya fi ɗaga murya shi ne nasa. Ni ne mai zafin cikinmu, kuma ban taɓa jin kunyar hakan ba.

Auta ita ce 'yata ta ƙarshe, ma'aikaciyar jinya. Da ta yi sabuwar waya sai ta ba ni tsohuwar, na ce ta buɗe mini shafin nan da ake sa labarai mutane suna tofa albarkacin bakinsu. Sau biyu tana buɗewa, sau biyu ina manta lambobin sirrin. A na uku tana sauri za ta fita, ta ce, "Baba, bari in bar maka nawa a buɗe, ni ba na ma shiga. Amma karatu kawai za ka yi."

Na ce to. Kwana biyu na yi ina karatu kawai. Rana ta uku wani mara kunya ya rubuta cewa talaka ne ke jawo wa kansa tsadar mai, yatsana ya tafi da kansa. Daga nan ban sake tsayawa ba. Na yi magana a kan ministan wuta, na yi a kan kwatar layinmu da ta shekara a toshe, na yi a kan zaɓen ƙasashen da ko a taswira ba zan iya nuna su ba. Duk abin da na tura, hoton Auta ne ke fitowa a gefensa, tana murmushi cikin fararen kayan aikinta. Kullum ina ganin hoton nan, kuma wallahi ko sau ɗaya bai tsaya mini a rai ba.

Ita kuwa shekara uku tana bin hanya ɗaya. A nan gida aikin sa-kai take yi a wani ƙaramin asibiti, ana ta ce mata in an buɗe ɗaukar ma'aikata ita ce ta farko, kuma ba a buɗe ba. Sai ta samu wani asibiti a ƙasar waje da ke neman masu jinya. Ta koyi yarensu, ta faɗi jarrabawar sau ɗaya, ta sake ta ci. Aka auna jininta, aka duba ƙirjinta, aka tantance takardunta ɗaya bayan ɗaya. Biza kaɗai ta rage. Uwarta har ta fara tara mata rigunan sanyi a akwati. A takardar neman bizar akwai wurin da aka ce mutum ya rubuta duk shafukan da yake da su, yarinya mai gaskiya ta rubuta nata.

Ranar ganawar neman bizar babu wuta tun safe. Muna kan benci ana musun ko yaƙin da ake yi can nesa zai ƙare bana, sai ga ta ta sauko daga mota da ambulan a hannu. Ba ta gaida su Mai Walda ba, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Baba, zo ciki," ta ce.

Na bi ta. Ta ture wata fanka da na kwance ta zauna a kan kujerata, ta faɗa mini a hankali kamar mai ba da labarin wani. Matar da ke bayan gilashi ta yi mata tambaya biyu a kan aiki, sannan ta juyo mata da fuskar kwamfuta. An jera rubutuna, an fassara shi zuwa yarensu, layi-layi, da kwanan wata. Matar ta nuna ɗaya ta ce, "Ke kika rubuta wannan?"

Na san wanda ta nuna tun kafin Auta ta faɗa. Ranar da jiragen yaƙin ƙasar da Auta take son zuwa suka jefa bam a wata makaranta, na ga hoton takalman yara a cikin ƙura, na rubuta cewa Allah ya wargaza su, su ɗanɗana abin da suke ɗanɗana wa wasu, kada ya bar musu gini ɗaya a tsaye. Na ƙara da abin da ba zan maimaita ba a kan shugabansu.

"Me kika ce mata?"

"Na ce babana ne. Ta ce to ke nan na ba da shafin da ba ni ke amfani da shi ba, na ce nawa ne. Ko ni na rubuta, ko na yi ƙarya a takarda, in zaɓi ɗaya." Ta ajiye ambulan ɗin a kan tebur. "Sun hana, Baba. Kuma sun rubuta a fayil ɗina."

Da ta yi mini ihu da na ji sauƙi. Tashi kawai ta yi ta tafi gida.

Washegari na sa rigata ta kirki na nufi ofishin jakadancinsu, da katin shaidata da wayar, in nuna musu ni ne, tsoho ne mai gyaran fanka, ko kaza ban iya yankawa ba. Ban wuce ƙofa ba. Mai gadi ya ce sai da takardar ganawa. Na ba shi labarin tun daga farko, ya saurara, ya leƙa hagu da dama, sannan ya sunkuyo ya ce, "Baba, ai abin da ka rubuta gaskiya ne, ni ma haka nake gani." Kamar in shaƙe shi. Na yi awa uku a rana kafin wani ma'aikaci ya fito shan iska, na tare shi. Ya ce ba a nan ake yanke hukunci ba, can ƙasarsu ake yi, kuma babu ɗaukaka ƙara. Na ce to wa zan rubuta wa? Ya ɗaga kafaɗa ya koma ciki.

Asibitin can suka jira mako biyu, suka ba wata gurbin.

A benci kuwa abin ya zama abin hira. Mai Walda ya ce ai ya sha faɗa mini bakina zai ja mini, kuma da ina yabon gwamnati kamar shi da ba a kai nan ba, kamar gwamnatinmu ce ta hana bizar. Tela ya ce alheri ne, ƙasar sanyi ce, bautar da ita za su yi, wani ɗan'uwan matarsa ya je ya dawo da ciwon ƙafa. Suka ɗauki rayuwar 'yata suna juyawa kamar yadda muke juya ta kowa, kafin la'asar sun koma kan farashin taki. Na zauna ina jin su, na ji yadda muryata take a kunnen wasu, raina ya ɓaci da su da ni kaina.

A gida uwarta ta daina yi mini magana sai ta dole. Ta tura akwatin rigunan ƙarƙashin gado. Yayyen Auta suka kira ɗaya bayan ɗaya, babban ya ce, "Haba Baba," ya kashe wayar. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, in na tuna takalman yaran nan, har yau ba na jin na yi ƙarya. Amma yaƙin bai tsaya ba, shugaban yana nan daram, ministan wuta ma an ƙara masa girma. Auta kaɗai maganata ta samu.

Bayan kamar wata ɗaya ta biyo ta shago da safe a hanyarta ta zuwa asibiti. Ta rame. Ta gaishe ni yadda ta saba, ta miƙo hannu ta ce in ba ta wayar. Na ba ta da sauri, na ɗauka karɓewa za ta yi, kuma da na gode mata. Ta zauna tana dannawa, ni ina ta goge wani dutsen guga da ba ya buƙatar gugewa.

"Na karanta su duka, Baba," ta ce, ba ta ɗago ba. "Sun fi dubu. Wasu ma sun ba ni dariya, na kwatar nan ya yi daɗi. Ka san mutum nawa suka taɓa ba ka amsa?"

Na ce ban sani ba.

"Huɗu. Biyu zaginka suka yi, ɗaya tallan magani yake yi, ɗaya Tela ne. Shekara biyu kana magana, babu wanda ya zauna ya karanta ka daga farko har ƙarshe sai matar nan ta bayan gilashi."

Na ce, "Auta, ki yafe mini."

"Na yafe, Baba, tun ranar." Yadda ta faɗa, na san gaskiya take faɗa, kuma na san yafewar ba za ta dawo da komai ba.

Ta yagi gefen kwalin wata fanka, ta rubuta lambobi da manyan baƙaƙe, ta manna a bango saitin idona. Sannan ta ɗaga wayar ta ɗauki hotona yadda nake, da baƙin mai a goshi, ta ƙara dannawa kaɗan, ta ajiye mini ita a kan tebur.

"Na rufe nawa. Wannan naka ne, da sunanka da hotonka. Yanzu ka faɗi duk abin da kake so, babu sauran abin da za a hana ni."

Ta ɗauki jakarta ta fita. Na bi ta da ido har ta tsallaka titi ta tsaya a layin masu jiran mota, cikin fararen kayanta, za ta je aikin da ba a biyanta.