Wasan da Ake Yi da Auta

Karo na huɗu ke nan a wata ɗaya da Auta ta dawo daga makaranta babu maɓalli a wuyan rigarta. Mahaifiyarta tela ce. Shagonta ɗaki ɗaya ne a bakin titi, da keken ɗinki biyu, da teburin yanka, da madubin da ya tsage ta gefe. Ta karɓi rigar tana mita.

"Ke wai cinye maɓallan nan kike yi ne?"

Shekarar Auta tara, kuma tana da i'ina tun da ta fara magana. Ta buɗe baki, kalmar ta maƙale. "Mama, ai... ai..."

"Ai ya faɗi. Na sani. Je ki wanke hannu."

Haka Mama ta saba, ta ƙarasa mata magana don kada ta wahala. A ganinta tausayi ne.

Ranar Laraba da hantsi Mama ta fita kai wa wata mata ɗinkinta, hanya ta bi da ita ta bayan makarantar. Lokacin hutun tara ne, fili cike da ihun yara. Ta leƙa ta shingen waya ko za ta hango 'yarta. Ta kuwa hango ta.

Auta na tsaye a kan wani bulo, da littafi a hannu, 'yan mata shida sun zagaye ta. Wata doguwa ta riƙe mata wuyan riga.

"Ku yi shiru, rediyo zai karanta labarai!" in ji doguwar.

Auta ta fara karatu. Duk inda ta tsaya, sai doguwar ta fizgi rigar ta ce, "Batir ya mutu!" Sauran su kwashe da dariya, suna kwaikwayon bakinta. Abin da ya fi ƙona wa Mama rai shi ne, Auta ma murmushi take yi, leɓenta na rawa.

Mama ta yunƙura za ta ƙwala kira. Sai aka buga ƙararrawa, yaran suka watse a guje. Auta ce ta ƙarshe. Ta sauko a hankali, ta goge ido da gefen hannu.

Da aka tashi daga makaranta Auta ta dawo, Mama ta tura ƙofar shago, ta sauke yadin da ke kan kujera ta zaunar da ita.

"Na gan ki yau a kan bulo."

Auta ta sunkuyar da kai. "Wa... wasa ne. Ƙawayena ne."

"To. In kin ce su bari, suna bari?"

Ta girgiza kai.

"Akwai ranar da wata ta hau bulon, ke kina cikin masu dariya?"

"Ni kaɗai ce."

"Ciwon cikin nan da kike yi kowace safiya, yana zuwa ranar da babu makaranta?"

Auta ta sake girgiza kai.

"Auta, wasa kowa yana jin daɗinsa, kuma in ɗaya ya ce ya isa, ya isa. Wannan cin zali ne. Ba laifinki ba ne, ba laifin bakinki ba ne." Mama ta matso kusa da ita. "Me ya hana ki gaya mini?"

Auta ta ja numfashi. Kalmar ta tsaya mata a maƙogwaro, jijiyar wuyanta ta tashi. Saura kaɗan Mama ta taya ta, sai ta danƙe tef ɗin awon da ke wuyanta ta daure.

"Na... na fara gaya miki. Sau uku. Sai ki ce... ki ce ya faɗi."

Mama ta zauna a ƙasa, cikin ƙyallaye da guntayen zare. Can ta ce, "Ki yafe mini."

Washegari suka tafi makarantar tare. A ofis malamar ajin ta dubi Mama tana jiran bayani, Mama ta ce, "Ita za ta faɗa." Auta ta faɗa, tun daga farko, har sunan rediyon. Ta ɗauki lokaci mai tsawo. Malamar ta cire tabarau ta ajiye.

"Ni na daina sa ta karatu a aji don kada a yi mata dariya," in ji ta. "Ashe a waje ake sa ta."

Aka kira iyayen yaran, aka mayar da doguwar wani aji. Malamar ta koya wa Auta abin da za ta yi: ta ce "ku bari" sau ɗaya, ta tafi inda akwai babba, ta faɗa a ranar, kada ta bari ya kwana. Suka gwada a shago, Mama ta zama doguwar, har Auta ta yi dariya ganin yadda ta kasa yin fuskar mugunta.

Ba wanda ya ƙara taɓa ta. Amma ba wanda ya ƙara kiranta kuma. Duk hutun tara tana zaune a barandar ofishin malamai, tana kallon masu tsalle da igiya.

Bayan mako biyu, suna tafiya gida da yamma, Auta ta ja gefen mayafin uwarta.

"Mama, da... da can ko ba komai suna nemana. Yanzu wa zai yi wasa da ni?"

Mama ba ta so ta yi mata ƙarya. Ta sauke jakar ɗinki a gefen titi, ta durƙusa ta ce, "Hau." Auta ta girmi goyo, ƙafafunta har suna bugun gwiwar Mama, mutane na kallo. Haka ta goya ta har ƙofar gida, tana jin ɗumin hawaye a bayan wuyanta.